Zoɓon Hajjo Kafin Ruwan Farko

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da Turanci a makarantun sakandare, mafi yawansu a nan Birnin Kudu, kuma duk tsawon lokacin ban taɓa ganin Turancina ya sayar da ko ƙwayar gyaɗa ba. Ɗalibaina sun zama manya. Wasu sukan wuce ni a mota, su ɗaga hannu ba tare da sun rage gudu ba. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da zan iya wuce kaina, da tuni na wuce.

Matata Turai ta rasu shekara biyu da suka gabata. Ta bar min gida, da awakinta, da wani irin shiru da ban san akwai shi a duniya ba. Tun daga nan aikina zama a zaure, ina sake karanta littattafan da na riga na san ƙarshensu, don su kaɗai ne ba sa yi min ba-zata.

A tsakiyar watan Maris, ana zafin nan da ke sa kaza buɗe baki, Hajjo ta sauko daga bas ɗin Gwaram ta yi sallama a ƙofata. Hajjo ƙanwar Turai ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Gwaram. Tun tana 'yar shekara goma take tsokanata, kuma aure da jikoki ba su rage mata komai ba. Ta dubi zauren, ta dube ni, ta ce ashe har yanzu ba a zo an kwashe ni an kai gidan tarihi ba. Na ce ana jiran a haɗa da ita ne, don a rage kuɗin mota.

Bayan ta sha ruwa ta faɗi abin da ya kawo ta. Ita ce shugabar wata ƙungiyar mata talatin masu noman zoɓo. A bana sun yi shawara ba za su sayar da zoɓonsu da kaka ba, lokacin da kaya ke arha. Suka busar, suka tsince, suka ɗura a buhuna, suka jibge a wani tsohon sito mai rufin kwano da ya fi rariya huji. Dillalin da suka saba sayar wa, Ɗanbala, ya zo ya taya da farashin da ko na kaka bai kai ba. Suka ce albarka. Ya yi murmushi ya ce babu komai, zai dawo in hadari ya fara haɗuwa. Ya san abin da suka sani: busasshen zoɓo in ya sha danshi sai ya yi fumfuna, jan nan ya koma baƙi, ko akuya ba ta kallonsa. Wata biyu ya rage musu, in damina ta yi musu kara.

Sai ta ciro waya daga jakarta. Ta ce a intanet akwai shafukan da 'yan kasuwa ke tallata kaya, kuma ta ga hotunan zoɓo a ciki, har da masu nemansa daga Legas. Amma duk da Turanci ake magana. Ita ajinta biyu a sakandare aka yi mata aure, sauran matan ma kusan haka. Suna iya haɗa baƙi, ba sa iya ciniki. Tana so in zo Gwaram in koya musu Turancin kasuwa.

Na ce harshe ba kunu ba ne da za a dama a sha cikin wata biyu. Na ce ta kawo wayar kawai, ni zan rubuta musu duk abin da suke so.

“A'a, Malam Badamasi,” in ji ta. “Dillali ɗaya ya ishe mu. Ba mu neman na biyu mai tabarau.”

Haka na fara hawa bas kowace Alhamis da sassafe, in wuce Kiyako gonaki na nan fayau suna jiran ruwa, in isa Gwaram da hantsi. Malamin wata Islamiyya ya ba mu aron aji, tunda yara ba sa zuwa ranar. Mata goma sha ɗaya daga ƙungiyar ke zuwa, wasu da goyo, suna zaune a kan bencin da aka yi don 'yan shekara bakwai.

Ranar farko na zo da wani tsohon littafina na wasiƙun kasuwanci, wanda na tsare daga gara tun ina saurayi. Na rubuta musu a allo yadda ake buɗe wasiƙa da girmamawa, da yadda ake rufe ta da biyayya, da inda ake sa kwanan wata. Kafin azahar, uku daga cikinsu sun yi barci. Wata mai suna Lailatu, wadda ta fi su karatu kuma ta fi su baki, ta tambaye ni ko mutumin da ya rubuta littafin yana da rai. Na ce ya daɗe da mutuwa. Ta ce to Allah ya ji ƙan musulmi, amma su masu rai suke nema su sayar wa.

Mako na biyu Hajjo ta shigo ta ɗora wayarta a kan littafina, ta ce ga littafin da za a karanta.

Na duba. Tallace-tallace ne birjik: takin zamani, keken ɗinki, fitilar sola, man shafawa mai maida tsohuwa budurwa cikin kwana bakwai. Turancin kuwa, da ɗalibina ne ya rubuta shi da sai jan birona ya ƙare. Jimla babu kai babu gindi, babban baƙi inda aka ga dama. Na faɗa musu haka. Hajjo ta ce ita dai ta ga mai fitilar nan yana sayar da fitilarsa, ni kuma da nake da kai da gindin jimla, me na sayar?

Na ɗauki alli na kwafe tallar fitilar a allo, kurakuranta da komai.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba: ban taɓa samun littafin koyarwa kamar wannan ba. Talla gajeriya ce, kuma wanda ya rubuta ta yana son wani abu daga gare ka, su kuwa matan nan tun suna tallar ƙosai a kan titi suka san irin wannan mutumin. Sai na tsara mana tambayoyi. Me ake sayarwa? Wa ake so ya saya? Nawa ne? A ina kayan yake? Yaushe zai iso? Kowace Alhamis kowace mace ta zo da talla ɗaya da ta tsinto a waya, mu shimfiɗa ta a allo mu feɗe ta kamar rago. A nan suka koyi kalmomin awo da nauyi, da na farashi, da na aikawa da karɓa, da yadda ake neman samfur, da yadda ake cewa a'a ba tare da an rufe ƙofa ba. Suka koyi gane kalmomin da ba su ɗauke da komai sai iska. Lailatu ta lura duk tallar da ta ce yau kaɗai ne rangwamen, in ka dawo bayan mako uku za ka tarar har yanzu yau ɗin ce. Ta ce ashe Ɗanbala yana da 'yan'uwa a ko'ina.

Ni kuma na sami abin yi a bas. Ina tafe ina ƙirga kurakuran tallace-tallacen, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na yi zaton aikina ke nan.

A mako na biyar na ce lokaci ya yi da za su rubuta tasu. Suka ɗauki hoton zoɓon a kan farar tabarma, ja wur, babu kara babu ƙasa. Hajjo ta riƙe alli, sauran suna jefo mata kalma. Turancin ya fito daidai, har na ji wani abu mai kama da alfahari ya motsa a ƙirjina, abin da na ɗauka ya mutu. Amma ga abin da tallar ta ce: muna da ɗan zoɓo kaɗan a Gwaram, ba shi da yawa, mai so ya yi magana.

Na ce musu wannan ba talla ba ce, ban-haƙuri ne. Hajjo ta ce a sa haka nan. Aka sa.

Mako guda cur, mutum ɗaya ne ya amsa: wata mata a Kaduna da ke neman mudu biyu don bikin 'yarta.

Alhamis ta shida na shiga aji a shirye. Tun a hanya na ga gabas ta fara canza launi, kuma na ji labarin Ɗanbala ya sake leƙowa, ya rage daga abin da ya taya a baya. Na yi musu bayani dalla-dalla. Mai kamfani a Legas ba zai turo babbar mota ta yi tafiyar kwana biyu saboda ɗan zoɓo kaɗan ba. Yana so ya ga adadi. A rubuta buhu nawa ne a siton, a wuce wurin.

Hajjo ta ce ba za a rubuta ba. Ba a ƙirga arziki a bainar jama'a. In maƙwabci ya tambayi manomi dami nawa ya samu, cewa yake ɗan abin da ba a rasa ba, ko da rumbunsa na neman fashewa. Baki yana kama dukiya. Yanzu kuma ni ina so ta ɗauki gumin mata talatin, ta faɗi yawansa ga duniya baki ɗaya, har da wanda bai san bismilla ba? Sauran suka gyaɗa kai. Har Lailatu, wadda na ɗauka za ta tsaya a bayana.

Na san wannan magana. Shekara talatin da ɗaya na zauna da ita a gida ɗaya. Turai ba ta taɓa faɗin yawan awakinta ba, ko a gabana. In na tambaya sai ta ce 'yan kaɗan ne, Allah ya sa albarka. Ni kuma in yi mata lacca a kan camfi, in kawo mata abin da masana suka rubuta, tana jina tana zuba musu dusa. Jin muryar Turai na fitowa daga bakin ƙanwarta, da irin wannan taurin kai mai sanyi, shi ya tunzura ni. Ba hujja ba ce. Ina faɗin abin da ya faru ne kawai.

Na ce, “Yayarki ta yi shekara talatin tana ɓoye yawan awakinta. Bai hana a ɗauke ta a makara ba.”

Wata ta ce innalillahi a hankali. Hajjo ta ajiye allin a bakin allo, ta kakkaɓe hannu.

“Ba don kada ta mutu take ɓoyewa ba, Malam. Don kada Abu ta gidan bayanku, mai akuya ɗaya, ta ji kunya ne. Kai da ka karanta duk littattafan duniya, na ɗauka ka san wannan.”

Ta ce a tashi haka nan, karatun yau ya isa.

Ban sani ba. Abu maƙwabciyarmu ce tun kafin a haifi ɗanmu na fari, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban taɓa haɗa akuyarta ɗaya da shirun matata ba. Na koma Birnin Kudu na zauna a tsakar gida ina kallon awakin suna tuƙa. A makon nan sau biyu hadari ya taso da yamma, ya yi duhu a kan duwatsu, iska ta kwashe shi. Kowane tashi sai in tuna rufin siton nan. Na yi tunanin in karɓi lambar wani in sa tallar da kaina, da adadin da komai, tunda ya suɓuce wa Hajjo a baki ranar da ta fara zuwa. Sai na tuna maganar dillali mai tabarau, na bari.

Da Alhamis ta zagayo na shirya, ban san ko zan tarar da kowa ba. Na tarar da su duka goma sha ɗaya. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Hajjo ta ce in ajiye shi sai an sayar da zoɓo, yanzu ba ta da wurin sa shi. Ta miƙo min littafin rubutunta. Talla huɗu ta kwafo da hannunta daga waya, ba na fitila ko man shafawa ba, na manyan masu sayar da amfanin gona: riɗi, citta, ƙaro, da wani mai zoɓo daga wata ƙasa. Ta ce kwana biyar ta yi tana bin su kalma kalma.

“Karanta mana da ƙarfi,” in ji ta. “In ka zo inda ɗayansu ya faɗi abin da ke cikin sitonsa, ka tsaya.”

Na karanta ta farko. Mai riɗi ya faɗi irin riɗinsa, da tsabtarsa, da mafi ƙarancin abin da zai yarda ya sayar, da kwanakin da zai ɗauka kafin ya yi lodi. Na karanta ta biyu, da ta uku. Na kai ƙarshen ta huɗu ban tsaya ba. Babu wanda ya ce ga yawan abin da na mallaka. Kowa cewa yake ga abin da zan iya ɗora maka, cikin kwana kaza.

Mako biyar ina kallon irin waɗannan tallace-tallace. A ta mai citta ma har na taɓa gano kuskure uku. Abin da ke cikinta ne kawai ban gani ba.

Lailatu ta ce ashe su ma Turawan suna tsoron baki. Na ce ba na jin baki ne, ina jin ba sa son abokin gasa ya san sirrinsu. Hajjo ta ce ita ba ta ga bambanci ba, kuma da na yi tunani, ni ma ban ga wani mai yawa ba.

A ranar suka sake rubutawa. Ban taɓa allin ba. Busasshen zoɓo daga Gwaram, Jihar Jigawa, noman bana, an tsince shi da hannu. Za mu iya cika babbar mota ɗaya cikin kwana huɗu. Ba ma sayar da ƙasa da buhu ashirin. Ga farashin kilo, ga lambar waya, muna aika samfur. Na ce, don in tsare ɗan abin da ya rage min na mutunci, ai duk mai hankali ya san abin da mota ke ɗauka, ashe an faɗi adadin ke nan. Hajjo ta ce cikin motar aka ƙirga, motar kuwa ba tata ba ce. Abin da ke ɗakinta yana nan tsakaninta da Mai bayarwa.

Kwana uku bayan nan saƙonni suka fara shigowa. Biyu daga ciki matan da kansu suka watsar, don sun zo da irin zaƙin bakin mai man shafawa. Na uku wata mata ce mai saya wa wani kamfani a Legas kaya. Ta nemi samfur, aka ba direban bas ya kai Kano, daga can aka tura. Ranar Alhamis ta tara, muna cikin aji, ta kira.

Hajjo ta dubi wayar, ta dube ni. Na sa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyata na zauna a kansu. Ta ɗauka. Na ji matar tana neman ragi, na ji Hajjo ta ce ba zai yiwu ba amma za su ɗauki nauyin lodi, da jimlar nan da muka ciro daga tallar takin zamani. A cikin minti shida ta yi kuskuren nahawu goma sha huɗu. Na ƙirga, hali zanen dutse. Matar ba ta ƙirga ba. Ta ce motar za ta iso ranar Litinin, wakilinta zai auna ya biya kafin a ɗora.

Na je Gwaram ranar Litinin ɗin ko da yake ba ranar karatu ba ce. Na tsaya a inuwar wata darbejiya ina kallon buhuna na fita daga sito, ƙurar zoɓo ta rina wa 'yan dako wuya. Ɗanbala ya zo a kan babur, ya tsaya kusa da ni. Ya tambaye ni, cikin ladabi, ko gaskiya ne ina koyar da Turancin waya, kuma ko ana karɓar maza. Na ce ya tambayi shugabar makarantar, ga ta can da littafi a hannu.

Da motar ta tashi na je wurin Hajjo na ce to ga haƙurin nan da ta ce in ajiye. Ta ce ta karɓa, amma ya yi kwantai, farashinsa ya faɗi. Sannan ta ce, tana ɗaure bakin jakarta ba ta kallona, Turai takan ce mijinta ya san komai sai abin da ke gabansa, amma in aka nuna masa ba ya musu sau biyu. Ta ce shi ya sa ta zo wurina tun farko, ba don Turancina ba, masu Turanci ai suna da yawa.

An yi min takardun yabo a rayuwa, uku suna rataye a zaure. Babu wadda na ɗauko a bas zuwa gida ina jujjuya ta kamar wannan.

Ruwan farko ya sauka ranar Juma'a da la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Ina ƙarƙashin rumfa ina tura awaki cikin turke sai waya ta yi ƙara. Hoto ne daga Hajjo: cikin siton, ruwa na zuba ta huji fiye da goma, yana taruwa a daɓen da babu komai a kansa sai tsintsiya. A ƙasa ta rubuta, da Turanci, cewa Alhamis akwai karatu, kada in makara, masu riɗi ma za su zo. Akwai kuskure ɗaya a ciki. Na bar mata abinta.

Da ruwan ya tsagaita Abu ta leƙo ta kan katanga, ta yi min barka da ruwa. Ta ce ta ga awakin marigayiya sun yi kyau, nawa ne yanzu da waɗanda suka haihu?

Na ce 'yan kaɗan ne, Allah ya sa albarka.